Yatsun Inna

Uwargida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu da 'yan biyunta. Ya jikin mai jego? Ya rashin barci? Ki gaida mijinta, ki ce masa na ji labarin ya iya riƙe jariri yanzu ba tare da ya ɗauke numfashi ba, ina taya shi murna. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma.

Na san za ki ce me ya kai ni rubuta wasiƙa alhali ga waya. Na farko dai, a waya ban taɓa kai ƙarshen magana ba ki katse ni ba, takarda kuwa tana da haƙuri. Na biyu, maganar Inna ce, kuma kin san kunnen mahaifiyarki. In an ce ta zauna ta huta ba ta ji, amma in na rufe ƙofa na rage murya na ambace ta, daga bakin famfo take jiyowa.

Kada hankalinki ya tashi, lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne an canja ƙa'idar zaɓe. A da, mutum ya nuna katinsa, a dubi hoton a dubi fuskarsa, in na'ura ta yi gardama a bar shi ya jefa ƙuri'arsa tunda ga shi ga hotonsa. Yanzu an soke wannan. Sai na'ura ta karanta zanen yatsanka, in ba ta karanta ba ka koma gida ka sha ruwa. Aka yi shela kowa ya je makarantar firamare ta unguwa ya gwada tun kafin ranar. Ni na biya a hanyata ta dawowa daga aiki a laburare, na ɗora babban yatsa, wuta ta yi kore nan take. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai ɗaga abin da ya fi ƙamus nauyi ba, ai dole na'ura ta gane shi.

Inna ta je washegari, ta yafa mayafinta na fita unguwa. Ban raka ta ba. Gwaggo Mai Sitaci, wadda dakalinta yake kusa da na Inna a wurin wankin da suke sana'a, ita ta ba ni labari har da kwaikwayo. Yarinyar da ke kula da na'urar ta ce Inna ta ɗora yatsa, ta ɗora, wuta ta yi ja. Ta ce ta goga shi a goshi, ta goga. Ta ce ta hura masa iska, ta hura. Aka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Sai yarinyar ta juya tafin hannun Inna ta duba, ta ce mata cikin ladabi, Mama ai ba ki da zane. Inna ta ce da shi aka haife ta, in ana nemansa a je a duba a wuyan rigunan mutanen garin nan.

Da ta dawo, kai tsaye teburin guga ta nufa. Ta hura gawayi ta goge mini babbar riga, guga irin wadda ban taɓa gani ba, har yanzu rigar tana iya tsayawa ita kaɗai ba da ni a ciki ba. Na yi mata wasa na ce Inna ai kin huta da shan rana a layi. Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni irin kallon da kike yi mini in na sayo littafi an aike ni cefane.

Da na bincika sai na tarar ba ita kaɗai ba ce. Yawancin matan wurin wanki na'ura ta ƙi su, har Gwaggo. Ta ƙi magina, ta ƙi matan da ke goge daɓen asibiti. Ruwa da sabulu da siminti sun cinye zanen. A layin manyan gidaje kuwa ban ji wanda ta ƙi ba.

Zan je ofishin zaɓe in ji ko kuskure ne. Ki yi mana addu'a, ki kuma ci abinci, na san halinki in kina hidima.

Wassalam.
Mijinki, Mai Tabarau

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Na ji daɗin jin cewa ƙaramin ya fara kama nono. Batun cewa babban ya ɗebo hancina kuwa, ki ba iyayensa haƙuri a madadina.

Na je ofishin zaɓe. Na rubuta koke mai kyau, na zuba masa duk ilimin da na tara, har ni kaina da na karanta sai da na ji tausayin wanda zai amsa. Jami'in da ya karɓa, wani mai kwat a cikin wannan zafi, ya sa kofin shayinsa a kai. Ya ce na'ura ba ta san talaka ba, ba ta san mai arziki ba, doka ɗaya ce ga kowa. Na ce haka ne ranka ya daɗe, sai dai ba kowa ne yake wanke kayansa da kansa ba. Ya duba agogo.

A unguwa kowa ya san inda maganar ta dosa. Kansilan unguwarmu yana son filin wurin wanki, wai za a gina shaguna, kuma yana ganin matan nan su ne suka kusa kayar da shi wancan karon. Ban ce shi ya ƙera na'ura ba, kuma ba shi ya rubuta ƙa'idar ba. Amma an ce ranar da aka karanta ta a majalisa, shi ya fara tafi.

Kin tuna yarinyar nan da take ɓuya bayan kantar littattafan tarihi in an tashi rufe laburare, don ta ƙarasa littafi? Ita ce lauya yanzu, ta fi ni tsawo, ta fi ni baki. Ta tattara matan ta shigar da ƙara, tana neman kotu ta dawo da duba fuska ga wanda na'ura ta ƙi. Muka cika kotu, matan sun sha guga sai ƙamshin sabulu ke tashi. Alƙali ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce magana ce mai muhimmanci, saboda haka ya ɗage zama zuwa bayan zaɓe. Gwaggo ta tambaye ni a waje ko mun ci. Na ce mata an yi mana alkawarin ruwa bayan gobara ta gama. Lauya ba ta karaya ba, ta ce ƙarar tana nan, ko ba don wannan zaɓen ba don na gaba. Inna ta ce wa ya ba ta tabbacin ganin na gaba.

A hanyar dawowa ne, a cikin mota, Inna ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ba ni take wa magana ba, tagar mota take kallo. Ta ce duk inda ta je a garin nan ta ƙofar baya take shiga, ta ɗauki ƙunshin kaya ta fito. Layin zaɓe ne kaɗai wurin da take tsayawa a gaban waɗanda take wanke wa kaya, su jira ta gama. Shi ya sa take sammako. Uwargida, ni da nake zaton na karanta duk abin da aka rubuta a kan 'yanci, ban taɓa cin karo da wannan a littafi ba.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. Nas, maƙwabciyarmu, ta shigo aron tsani ta tarar muna zaune jugum. Ta duba hannun Inna ta ce zanen bai mutu ba, kwanciya ya yi. In aka raba hannu da ruwan sabulu da bilic na kamar wata guda, ana shafa mai safe da yamma, yakan taso ko da kaɗan ne. Zaɓe kuwa saura wata da 'yan kwanaki.

Inna ta ce ba zai yiwu ba. In ta ajiye wanki wata guda, gidajen da take yi wa za su koma wurin masu injin wanki, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ban san abin da ya shiga bakina ba, sai ji na yi na ce ni zan yi. Tun da kika tafi ban ji Inna ta yi dariya irin ta ranar ba, har da riƙe ciki, har Nas ta ba ta ruwa. Da ta natsu ta ce, Malam, ka san wanki ba karatu ba ne, ba a tsallake shafi.

Na ɗauki hutuna na shekara. Gobe zan fara. Kada ki gaya wa mijin 'yarmu, yana ganin girmana.

Naki har kullum,
Mai Tabarau

Uwargida,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ki gafarci rubutun nan in kin ga ya karkace, alƙalami ya yi mini nauyi. Na karanta amsarki. Ban gane abin dariya ba a cikin maganar, amma na lura tawada ta jiƙe a wurare biyu, kuma ban yarda hawayen tausayi ba ne.

Bari in ba ki labarin wurin wanki, don ke tun kina yarinya rabonki da shi. Famfunan suna nan, dakalan siminti sun yi sulɓi, igiyoyin shanya sun ƙaru har bakin katanga. Abin da ya canja shi ne masu wankin. Da matan suka ji abin da Nas ta ce, kowace ta koma gida ta kamo wanda ta samu. Akwai direban tasi, akwai ɗaliban jami'a, akwai wani mai gyaran rediyo da bai san ana raba fari da mai launi ba. Ni ma ban sani ba. Ranar farko na jiƙa fararen rigunan likitan nan na kan kwana tare da wani jan kallabi. Yanzu likita yana duba marasa lafiya cikin launin furen da ba ni da sunansa. Inna ta aika masa da haƙuri, ya aiko cewa matarsa ta ce ya fi kyau a haka.

Su kuwa matan suna zaune a inuwa a jere a kan benci, an lafta musu mai a hannu an zura musu safar ƙafa don kada ya goge. Ki yi tunanin tsofaffi a jere, kowace ta ɗaga hannu biyu cikin safa, suna ba da umarni kamar hafsoshin soja. Inna ce janar. Malam ka cuɗa hammatar. Malam wannan ɗauraya ce ko gaisawa kake yi da rigar? Malam in ka matse haka maɓalli zai tashi. Gwaggo kuwa ta ce da ni in an buɗe laburaren datti ita za ta sa a ba ni shugabanci.

Lauya ta kawo mana safar hannu ta roba, kwali guda. Matan suka dube ta kamar ta kawo musu cokali a ce su sha ruwa da shi. Inna ta ce datti ba da ido ake ganinsa ba, da yatsa ake jinsa. Wuyan riga zai yi fari tas a ido, amma in ka murza shi tsakanin yatsu ka ji santsi, to maiƙo yana nan, kuma guga za ta fito da shi. Mai safa ba ya jin wannan. Ta ce ba za ta mayar wa mutane kaya da sunanta a kai ba, wanda aka wanke da hannun roba. Aka mayar da kwalin. Kuma gaskiya ce, Uwargida. Yanzu ina iya rufe ido in murza kwala in gaya miki ko ta fita. Ban taɓa alfahari da takardar digirina kamar yadda na yi ranar da Inna ta shinshina zanen gado da na wanke, ta ajiye ba ta sami abin kushewa ba.

Wahalar ba tawa ba ce, tata ce. Mahaifiyarki ba ta san yadda ake zama ba. Shekaranjiya da sassafe na ji motsi a bayan ɗaki, na leƙa sai na gan ta tsugune da ɗan baho, ta cire safar, tana wanke tsumman goge tebur. Tsumma fa. Ta gan ni ta ɓoye hannu a baya kamar yarinyar da aka kama da sukari. Ta ce hannun ne ba ya samun wurin kwanciya, da dare ma sai ta ji yana neman abin cuɗawa. Ban yi mata faɗa ba, wa ya ba ni? Na ɗauke bahon, na miƙa mata man, na juya baya har ta gama shafawa.

Tun daga ranar, in na dawo daga wanki bayan la'asar, sai in zauna daga bakin ƙofarta in karanta mata littafi don hannun ya manta. Ta fi son masu labarin manyan gidaje. Sai dai ba ta barin a yi nisa. In an ce baƙi sun sauka an shimfiɗa fararen mayafan tebur, sai ta ce tsaya, wa ya wanke? In ce marubucin bai faɗa ba. Ta ce to bai san gidan ba. Na duba, Uwargida, littafi bayan littafi, mutane suna ta canja kaya, ba a taɓa cewa ga mai wankewa ba.

Na tambaye ta cikin wasa ko wa za ta zaɓa, tunda ni ke shan wahalar. Ta ce tsakaninta da akwati ne. Mahaifinku ma har ya rasu bai sani ba. Wani lokaci in ina cuɗar wandon wani, sai in ji tsoro kada a ce Kansilan take jefa wa. Sai in ce ko shi ne, ƙuri'ar tata ce, in ci gaba da cuɗa.

Ki gaida 'yan biyu. Ki ce da 'yarmu ta riƙa jiƙa kayansu kafin ta wanke, kakansu ne ya ce.

Mijinki mai kewarki,
Mai Tabarau

Uwargida,

Assalamu alaikum. Ina fatan mura ta saki mai jego. Wannan gajeriya ce, don direban da zai kawo miki yana ta danna mini oda a waje.

An ɗauke rumfar zaɓenmu daga makarantar firamare. Wai ana gyaran rufi, ko da yake ban ga ko ƙusa ɗaya a wurin ba. An mayar da ita can bayan tashar manyan motoci, inda ƙafar tsohuwa ba za ta kai ba. Ba a yi shela ba, takarda aka liƙa a bayan ƙofa. Lauya ce ta gano, ta bi gida gida tana faɗa har muryarta ta dushe. Mai burodi ya ce zai ba da motarsa ta yi ta jigila. Saboda haka jibi in Allah ya kai mu, matan wurin wanki za su isa zaɓe suna ƙamshin burodi.

Ɗazu da hantsi Inna ta aiko a kira ni. Na tarar ta cire safa, ta shimfiɗa hannunta a kan teburin guga, tafin yana sama. Ta ce idonta ba ya gani, in ɗauko gilashin nan nawa na duba ƙananan rubutu. Kin san tun da na aure ki ban taɓa tsayawa kusa da ita haka ba, kullum daga bakin ƙofa ne, ido a ƙasa. Na sunkuya na duba. Fatar ta yi laushi, tsagar da ke gefen yatsun ta rufe. A babban yatsa ban ga komai ba sai sheƙi. A sauran kuwa akwai wasu siraran layuka, kamar sawun tsintsiya a ƙasa bayan an yi yayyafi. Ta ce akwai? Na ce akwai, Inna. Ta ce kada ka yi mini ƙaryar 'yan boko. Na ce wallahi akwai, sai dai ban san ko na'ura tana da ido kamar nawa ba. Ta janye hannun ta ce to Allah yana da shi.

Hannun nan shi ya biya miki makaranta, na tsaya ina kallonsa na kasa tashi. Sai da ta ce in na gama karatun akwai zannuwa a kan igiya.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Mai Tabarau

Uwargida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku duka, manya da ƙanana, da fatan an wayi gari lafiya. Na san kin matsu, kuma na san a waya Inna ce miki kawai ta yi an yi zaɓe lafiya. To ga yadda aka yi.

Motar burodi ta kwashe mu a sahun farko. Inna ce ta biyu a layi, don wani tsohon soja ya riga ta, kuma ba ta yafe masa ba har yanzu. Ni ina bayanta. Can baya na hango likita, da matar Kansila ƙarƙashin lema, suna jira. Inna ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, amma na ga yadda ta gyara mayafi.

Yarinyar nan ce dai ta ranar gwaji a kan na'ura. Ta gane Inna. Babban yatsa, ja. Manuni, ja. Na tsakiya, ja. Aka gama hannun dama kaf. Har masu gardamar ƙwallo a layi suka bar gardama suka zuba ido. Aka koma hagu. Ni dai na daina kallo, na kafa ido a kan takalmina ina karanta duk addu'ar da na sani. Sai na ji yarinyar ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ta manta tana bakin aiki. Ƙaramin yatsan hagu ne, wanda Inna take cewa malalaci ne ba ya taya ta komai. Matan da ke baya suka ɗauki guɗa, ɗan sanda ya rasa wadda zai hana. Aka shafa mata tawada a farce, aka miƙa mata takardar ƙuri'a, ta nufi ɗan lungun da ake dangwalawa.

Na matso ina murmushi, na ɗora babban yatsana kamar mai sa hannu a takardar girmamawa. Wuta ta yi ja. Na ce wa yarinyar ta goge gilashin. Ta goge. Ja. Ta ce Baba ka goga a goshi. Na goga a goshi, Uwargida, ni da tabarau da furfura, a gaban rabin unguwa. Na hura masa iska. Muka bi goman nan. Sai a lokacin na juya hannuna na dube shi da kyau. Fata ta saɓule, kan yatsun ya yi sumul kamar bayan cokali. Wata guda muna gadin hannun tsofaffi, da Nas da Lauya da ni mai karatu, babu wanda ya tuna cewa sabulun ba ya zaɓen hannun da zai ci. Direban tasi ma haka ta same shi, da mai gyaran rediyo.

Ashe Inna ba ta shiga lungun ba, ta ji ana ce mini in goga a goshi ta dawo. Ta kama hannuwana biyu ta juya su, a bainar jama'a, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini takardarta, ko dangwalawa ba ta yi ba, ta ce ungo, kai ka wanke ta, taka ce. Jami'in rumfa ya taso a guje yana cewa haramun ne, za a soke takardar. Inna ta ce to a soke, ba za ta jefa ba ɗanta yana tsaye a waje. Ta fara neman inda za ta ajiye takardar.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyarki murya ba, jiya ma ban ɗaga ba, amma na tsaya a gabanta na dube ta ido cikin ido. Na ce Inna, na ɓata rigunan likita, na ƙona wandon mutane, bayana ya ƙage, Gwaggo ta mayar da ni abin dariya. In kika ajiye takardar nan, duk a banza na yi. Ki shiga, ga mutane suna jiran ki gama. Ta dube ni, ta dubi layin har ƙarshensa. Ta juya ta shiga. Ta daɗe a ciki fiye da yadda ake buƙata, babu wanda ya yi ƙorafi. Ta fito ta ninke takardar yadda take ninke hankici, kusurwa a kan kusurwa, ta saka a akwati, ta dafa shi da tafin hannu kafin ta tafi.

Ba kowa ya dace ba. Matan da suka wuce sun fi waɗanda aka ƙi yawa, amma Gwaggo tana cikin waɗanda aka ƙi. Ta zauna a kan dutse ta yi kuka, sannan ta share ido ta zagi na'urar tun daga kakanninta. Muka tsaya tare a gindin katanga, tsofaffin masu wanki da sababbi, Lauya tana ɗaukar bayaninmu. Da ta zo kaina sai idonta ya yi haske. Ta ce ni na'ura ta karɓe ni ranar gwaji, ta ƙi ni bayan wata guda na wanki, alƙali ba zai iya cewa bai ga abin da ke cinye zanen ba. Saboda haka mijinki ne shaida na farko in an koma kotu. Duk karatuna ba a neme shi ba, hannuna kawai za a ce in ɗaga. Zan ɗaga kuwa, don Gwaggo ta sa na rantse.

Ba a faɗi sakamako ba tukuna, kuma ki yarda da ni, ban matsu ba. Na ji zafin rashin ƙuri'ata, ba zan ɓoye miki ba, fiye da yadda na zata. Ban san tana da nauyi haka ba sai da aka ce in matsa gefe.

Yau da safe na ɗauka zan tarar Inna ta riga kowa zuwa wurin wanki. Sai na same ta zaune a tsakar gida, kaya jibge a gabanta, ta ɗora hannun hagu a kan gwiwa tana kallon tawadar da ke farcenta. Na ce Inna ai bilic kaɗan zai fitar da ita. Ta ce ta sani, tabo nawa ta fitar a duniya. Wannan a bar mata shi sai kin dawo kin gani. Ta tura mini kayan da ƙafa.

Don haka ki yi wa Allah ki dawo da wuri, tun tawadar ba ta goge ba, tun ni ma da sauran fata a hannuna. Ki sumbaci 'yan biyu, ki gaida iyayensu.

Wassalam.
Mijinki, mai jiran ki a bakin famfo,
Mai Tabarau